Tambaya ga masu ilimin likita: me ya haɗa sida da tarin fuka da farin baki?

ɗanBirni_86:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin likita ku taimaka min da bayani da Hausa, ba da Faransanci ba. Wani ɗan'uwanmu ne na kusa ya daɗe yana tari, ga zazzaɓi da yamma ga zufa da dare har sai an canza masa zanen gado, ya zube sosai. Aka kai shi asibiti aka yi analiz aka ce tarin fuka ne, aka fara magani. Sai kuma cikin bakinsa ya yi fari fat har maƙogwaro, fura ma ba ta haɗiyuwa sai da hawaye. Likita ya ce a yi gwajin sida, aka yi, ya fito yana da ita. Yanzu gida an rabu biyu, wasu na cewa likitocin ne suka rikice yau tari gobe sida, wasu na cewa hannu aka sa masa. Ni abin da ban gane ba shi ne, mutumin nan shekara da shekaru lafiyarsa lau, yana kasuwa yana noma, amma likita ya ce cutar ta daɗe a jikinsa. To ina ta shige duk tsawon lokacin nan? Kuma yaya aka yi cuta uku suka haɗu a kan mutum ɗaya?

Uwar_Yara_Karkada:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Amma don Allah ku daina zancen sammun nan a gabansa, mara lafiya yana ji ko da ya rufe ido.

Kabukabu_Zango:
Allah ya sawwaƙe. ni ma abin na ɗaure min kai kullum a rediyo sai ka ji ana cewa sida na karya garkuwar jiki sida na karya garkuwar jiki, to ita garkuwar a ina take a jikin mutum? ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi mana bayani

Anfirmiye_Mirya:
@ɗanBirni_86 ƙanena sannu da jinya. Likitan bai rikice ba, cuta ukun nan tushensu ɗaya. Bari in gwada, inda na bari wasu su cika.

A jininmu akwai fararen ƙwayoyin jini, su ne masu tsaron jiki, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita a cikinsu, ana ce musu makrofaj. Akwai waɗanda ake kira B, su ke ƙera antikor, abin da ke manne wa ƙwayar cuta ya hana ta sakat. Akwai CD8, su aikinsu kashe duk ƙwayar jikinmu da cuta ta shiga ta ɓuya a ciki. Sai kuma CD4. Su CD4 ba su cika faɗa da kansu ba, umarni suke bayarwa. In cuta ta shigo ana kawo musu ɗan guntunta su gani, da zarar sun gane ta sai su saki wasu sinadarai da ake kira sitokin, su ne saƙon da ke tada sauran, makrofaj ya ƙara zafi, B ya fara ƙira, CD8 su hayayyafa.

To ita ƙwayar sida daidai kan CD4 ɗin nan take sauka. Ka ɗauka ranar da rezo ya ɗauke a Damagaram gaba ɗaya. Kowa da telehon a hannu, batiri cike, kiredi akwai, amma gobara ta tashi a Birni babu mai iya kiran wani. Haka jikin ɗan'uwanka ya koma. Masu tsaron suna nan da yawansu, saƙo ne ba ya isa gare su. Shi ya sa cututtukan da a da jiki ke danne su ba ka ma san suna nan ba, yanzu suka samu fili.

Kabukabu_Zango:
kai Allah ya ba ka lada malam, yau na fara ganewa

Labo_ZR:
Ƙari kaɗan da lambobi tunda aikinmu ne a labo. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1500 a kowane mikrolita na jini. Idan ba a shan magani lambar tana sauka a hankali shekara bayan shekara. In ta faɗi ƙasa da 200, ko kuma wata daga cikin manyan cututtukan nan ta bayyana, a nan ne ake cewa mutum ya kai matakin sida. Kafin nan yana ɗauke da ƙwayar cutar ne kawai. Daga kamuwa zuwa wannan matakin yawanci shekara 8 zuwa 10 ne in babu magani, wani ya fi haka sauri wani ya fi haka daɗewa. Amsar tambayarka ta farko ke nan ɗanBirni.

ɗanBirni_86:
Na gode ƙwarai. Amma a cikin shekarun nan barci take yi ko me? Don wallahi ko ciwon kai bai cika yi ba.

Labo_ZR:
Ba barci take ba ko kaɗan. Kowace rana tana haifar sababbi biliyoyi, jiki kuma yana ta kashe su yana ƙera sababbin CD4 a madadin waɗanda suka mutu. Sai dai abin da ke mutuwa ya ɗan fi abin da ake mayarwa, kullum kullum, har a wayi gari ya gaza. Kuma mutane da yawa sati 2 zuwa 4 bayan kamuwa suna yin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa, sai a ce palu ne a sha magani ya wuce. Wataƙila ya yi wannan tuntuni babu wanda ya kula.

Baban_Sadiya_Magarya:
Ni fa ina da ja a nan. Anfirmiye ka ce sauran masu tsaron suna nan. To in suna nan me zai hana su yi aikinsu? Wanda ya ga ɓarna a gabansa sai ya tsaya jiran umarni? Ni a ganina rashin abinci mai kyau ne ke kayar da mutanen nan, talauci ne, ana dai laƙa wa sida komai.

Ɗaliba_UAS:
Baba ina kwana, ka yi haƙuri in sa baki. Maganar abinci gaskiya ce tana ƙara tsananta abin, amma ba ita ce tushe ba, don masu kuɗi a Turai da Amurka ma haka ta yi musu kafin a samu magani. Ka ɗauki tarin fuka tunda shi ke gabanmu. Makrofaj yana haɗiye ƙwayar tarin fuka ba tare da an ce masa komai ba, nan kana da gaskiya. Amma ita ƙwayar tarin tana da dabara, tana hana shi narkar da ita, sai ta zauna a cikinsa daram tana rayuwa. Ba ya iya gamawa da ita sai CD4 ya aiko masa da wani sitokin mai suna interferon gama, shi ne ke kunna masa abin kisa. Kuma da taimakon CD4 ne jiki ke taruwa ya kewaye ƙwayoyin tarin a huhu ya tsare su wuri ɗaya, su yi shekaru a haka mutum ba ya tari ba ya yaɗa wa kowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 4 a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, mafi yawa ba su taɓa yin ciwon ba har su mutu. Da CD4 sun ragu saƙon ya yanke, tsarewar ta warware, tarin ya fito. Shi ya sa mai ɗauke da sida ya fi wanda ba ya da ita haɗarin tarin fuka ninki fiye da goma, kuma tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu sida a duniya.

Anfirmiye_Mirya:
Madalla ƴata, haka yake. Kuma shi tarin fuka ba ya jiran CD4 su kai 200, yana iya tashi tun lambar na sama. Shi ya sa duk wanda aka samu da tarin fuka ake ba shi shawarar gwajin sida, duk mai sida kuma ana tambayarsa tari, zazzaɓi, zufar dare, rama, a kowane zuwa. Kada wani ya ji haushi in an ce ya yi gwajin, ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce. Mafi yawan masu tarin fuka a ƙasar nan ta Nijar ba su da sida.

Baban_Sadiya_Magarya:
To na ji na tari. Farin bakin fa? shi ma a huhu yake ɓoye?

Ɗaliba_UAS:
A'a Baba. Shi wani abu ne dangin funfuna, sunansa kandida, kuma yana bakin mutane da yawa masu lafiya, ni da kai wataƙila muna da shi yanzu haka. Akwai wani reshe na CD4 da ake kira Th17, su ke kula da fatar cikin baki da hanji, suna sakin saƙo mai suna interlekin 17 da ke kiran masu tsaro su hana shi yaɗuwa. Su kuma suna cikin waɗanda sida ke fara cinyewa. In sun tafi sai kandida ya bazu a harshe da kumatu, in ya gangara maƙoshi shi ne haɗiya ke zama azaba kamar yadda ɗanBirni ya faɗa. Yana jin magani, flukonazol ake bayarwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro da muka karanta shi ne, ɓarna mafi girma a hanji take faruwa kuma tun makonnin farko. Hanji cike yake da CD4 masu wata ƙofa a jikinsu da ake kira CCR5, ita ƙwayar cutar yawanci ta wannan ƙofar take bi ta shiga cikinsu. Sai ta share mafi yawansu a wurin tun mutum bai san komai ba. Bangon hanji ya yi rauni, guntayen ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji su riƙa tsallakawa jini, garkuwar jiki ta kasance a tashe dare da rana ba hutu har ta gaji. Kuma CD4 da ke a tashe su ne ƙwayar cutar ta fi jin daɗin shiga.

Hajiya_Sabongari:
Innalillahi. Yarinya Allah ya yi miki albarka ya ba ki sa'ar karatu. Ni dai tambayata su waɗannan CD8 da aka ce suna kashe wanda cuta ta ɓuya a cikinsa, me ya hana su kashe na sidar su huta?

Ɗaliba_UAS:
Amin Hajiya na gode. Suna kashewa sosai, su ne ma ke danne ta shekarun farko. Amma duk ƙwayar jiki da cuta ta shiga tana ɗaga wata alama a bayanta don CD8 su gan ta, ita kuma sida tana da wani sinadari mai suna Nef da ke janye alamar ya mayar ciki. Na biyu tana canza kama da sauri don wajen kwafe kanta tana yawan kuskure. Na uku su kansu CD8 suna buƙatar saƙon CD4 kafin su ci gaba da ƙarfi. Na huɗu kuma, shi ne babba, tana dasa kanta a cikin kundin halittar ƙwayar da ta shiga, wasu ƙwayoyin su kwanta shiru shekaru da ita a ciki babu mai ganinsu. Shi ya sa magani ke dannewa amma ba ya tumɓukewa.

Mai_Haƙuri_00:
Na daɗe ina karanta ku ban taɓa rubutu ba. Wannan ba sunana ba ne kuma ba zan faɗi unguwata ba. Ni ina ɗauke da ita. Lokacin da aka gano CD4 ɗina ko 100 ba su kai ba, zawo ya ƙi tsayawa, wasu ƙuraje masu zafin wuta suka fito min a gefen haƙarƙari ɗaya, riga ma ba na iya sawa, likita ya ce zona ne. Matata ce ke riƙe ni zuwa bayan gida. Yau ƙwaya ɗaya nake sha kowane dare bayan isha'i, ina ajiye ta cikin gwangwanin shayi kusa da darduma don kada in manta. Ina aikina, na mayar da jikina, awon da ake yi na yawan ƙwayar cutar a jini yana fitowa ba a ganin ta. ɗanBirni ka je ka gaya wa ɗan'uwanka wani da ya fi shi jin jiki ya tashi. Ku bar shi ya sha maganinsa kawai, kuma ku ci abinci kwano ɗaya da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mutum.

Uwar_Yara_Karkada:
Allahu akbar. Ɗan'uwa ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara maka lafiya ya saka wa matarka da aljanna.

Anfirmiye_Mirya:
Mai_Haƙuri Allah ya biya ka. Zonan da ka ambata ma misali ne mai kyau: ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro, ta kwanta a jijiya, garkuwa ta yi rauni ta taso. Maganar cin abinci tare kuwa, sida ba ta bin kwano ko gaisawa ko sauro. Sai dai a kula da tarin fuka a makonnin farkon magani, shi iska yake bi, a bar taga buɗe, ya rufe baki in zai yi tari, kuma a kai yaran gidan a duba su musamman ƴan ƙasa da shekara 5.

Dogo_ɗan_cirani:
ku yi haƙuri amma ni na ga wani abu da idona. wani abokin zamanmu a can inda muke cirani yana tafiya da ƙafarsa aka ba shi maganin sidan nan, bai yi wata ba jiki ya rikice zazzaɓi kaluluwa a wuya ta kumbura ciwon kai har ya rasu. mu dai a wurinmu maganin ne ya kashe shi, shi ya sa mutane ke tsoro

Anfirmiye_Mirya:
Allah ya jiƙansa. Dogo ban ga mutumin ba don haka ba zan yanke hukunci a kansa ba, amma abin da ka kwatanta mun san irinsa. In mutum ya fara magani CD4 ɗinsa na ƙasa sosai, kuma akwai wata cuta a ɓoye da jiki ya kasa ko nuna alamarta, to da rezon nan ya dawo sai masu tsaro su farka gaba ɗaya su auka mata da ƙarfi, kumburi da zazzaɓi su taso. In a kaluluwa ne ana shawo kansa. In a ƙwaƙwalwa ne yana iya kisa. Shi ya sa ake bincike kafin a fara. Mai tarin fuka ana fara masa maganin tari tukuna, sannan na sida ya biyo baya cikin sati 2. Wanda kuma aka samu da sanƙarau na kriptokok sai an jira sati 4 zuwa 6. Duk wanda ya fara magani ya ga jiki ya rikice ya koma asibiti a ranar, kada ya ajiye ƙwaya ya yi shiru a ɗaki. Kuma wanda ya fara tun CD4 na sama da wuya ya gamu da wannan.

Kabukabu_Zango:
sanƙarau kuma? wanda ake mana allurarsa lokacin zafi?

Labo_ZR:
Ba shi ba ne. Namu na rani da ke zuwa da ƙura da zafi, irin wanda ya addabi jihar Damagaram a 2022 da 2023, meningokok ne, yana bin numfashi daga mutum zuwa mutum, yana kama mai lafiya, yana kayarwa cikin kwana ɗaya biyu, kuma yana da allurar rigakafi. Kriptokok dangin funfuna ne, yana cikin ƙasa da kashin tsuntsaye musamman tattabaru, kowa na shaƙarsa ba ya yi masa komai. Yawanci sai CD4 sun faɗi ƙasa da 100 yake samun hanya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a hankali yake zuwa, ciwon kai na makonni da ba ya jin parasetamol. Mutum ba ya ɗauka daga mutum. Kowace cuta da matakinta: ƙasa da 200 ciwon huhu na nimosistis, ƙasa da 100 kriptokok da toksoplasma mai sa farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, ƙasa da 50 CMV mai makantarwa.

Hajiya_Sabongari:
To mu masu kiwon tattabaru a gida mu shiga uku ke nan?

Labo_ZR:
A'a Hajiya ki ci gaba da kiwonki. Sai dai mai raunin garkuwa kada a ba shi sharar ɗakinsu.

Malam_Garin_Malam:
Assalamu alaikum. Na ga maganar sammu a farko ban so in wuce ba. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi wa mara lafiya addu'a, a yi sadaka, a kuma ba shi ƙwayarsa a kan lokaci, babu wanda ya kore wani. Abin da nake jan kunne a kai shi ne masu karɓar dukiyar mutane su ce sun warkar da sida su sa a zubar da magani. Da kuma masu yanke wa bawan Allah hukuncin yadda ya samo ta, alhali ana samun ta ta hanyar aure, ta haihuwa, ta jini. Ku ji tsoron Allah a kan mutuncin musulmi.

Baban_Sadiya_Magarya:
Malam gaskiya ka faɗa. Amma ni har yanzu ina kan batun abinci, mutum ya sha ƙwaya mai ƙarfi ciki babu komai ai da wuya. A ƙauyukanmu lokacin bazara wani sau ɗaya yake ci a wuni.

Mai_Haƙuri_00:
Baba a nan ina bayanka. Da jiki ya fara dawowa yunwa ce ke zuwa mai tsanani, in babu a gidan wahala ce. Ga kuɗin mota zuwa karɓar magani ga wanda ke nesa. Maganin kyauta ne amma hanya ba kyauta ba ce. Kuma wani yana tsallake asibitin kusa da shi ya tafi mai nisa don kada a gan shi, ni kaina a wani wuri da ba zan ambata ba wata ma'aikaciya ta taɓa ɗaga murya ta faɗi abin da ya kawo ni a gaban layi, tun ranar na canza wuri.

Anfirmiye_Mirya:
Wannan laifi ne babba kuma ya saɓa wa rantsuwar aikinmu, ka yi haƙuri. Baba, ƙwayar da ake bayarwa yanzu magani uku ne a haɗe, tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, ana iya shan ta da abinci ko babu, kuma ta fi na da sauƙi nesa ba kusa ba. Tun 2015 hukumar lafiya ta duniya ta ce duk wanda aka gano a fara masa ba sai an jira CD4 sun faɗi ba. Ana haɗa masa da kotrimoksazol, wanda kuka fi sani da Bactrim, ƙwaya mai araha amma tana tare nimosistis da toksoplasma da wasu cututtukan zawo har da rage palu.

ɗanBirni_86:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta wa yayana bayanin Anfirmiye da na Ɗaliba ya yi shiru. Wata tambaya, tunda ya fara maganin tari fitsarinsa ya koma ja-ja, tsofaffin gida sun ce jini ne maganin na cin cikinsa.

Labo_ZR:
Ba jini ba ne, launin rifamfisin ne, har zufa da hawaye yana rinawa. Abin da za ku sa wa ido shi ne idanu su yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, wannan hanta ce, ku koma da shi nan take. Maganin wata 6 ne, wata 2 na farko magani huɗu, sauran wata 4 magani biyu, kada ya tsaya don tari ya lafa. Kuma rifamfisin yana rage ƙarfin dolutegrabir a jini, don haka in kun ga an ƙara masa wata ƙaramar ƙwaya bayan awa 12 ba kuskure ba ne.

Ɗaliba_UAS:
Abin da Labo ya lissafa ɗazu ya tuna min, ta hanyar waɗannan cututtukan ne ma duniya ta fara gane akwai sida. A watan Yuni 1981 aka ba da rahoton samari 5 a Los Anjeles ta Amurka da ciwon huhu na nimosistis, cutar da ba a saba gani ba sai ga wanda garkuwarsa ta rushe. Sai a 1983 aka gano ƙwayar cutar a cibiyar Pasteur ta birnin Paris. Akwai kuma iri na biyu, VIH-2, da aka fi samu a nan Afirka ta Yamma wajen Gine Bisau, ya fi tafiya a hankali kuma wasu magungunan da, irin su nebirapin, ba sa kama shi.

Dogo_ɗan_cirani:
to na ji bayanin ku amma a ce mutum sai ya sha ƙwaya har ƙarshen ransa? ni na ji an ce an warkar da wani a Jamus

Ɗaliba_UAS:
Gaskiya ne yaya, Timothy Ray Brown, a Berlin. Amma shi sankarar jini ce ta kama shi aka yi masa dashen ɓargo a 2007 daga wani da aka haifa ba shi da ƙofar CCR5 ɗin nan da na faɗa. Aiki ne mai haɗarin mutuwa, ba a yi wa mutum shi don sida kawai, kuma waɗanda suka warke ta haka a duniya ƴan ƙalilan ne.

Hajiya_Sabongari:
Duk kun yi ta CD4 CD4 babu wanda ya tambayi matarsa. ɗanBirni yana da iyali? An gaya mata? An gwada ta ita da yara? In tana da ciki ko goyo fa? Ni abin da ke ƙona min rai ke nan, namiji ya sani ya yi shiru sai mace ta kwanta.

Anfirmiye_Mirya:
Hajiya ta taɓo inda ke da ciwo. A gwada ta, a gwada yara, ana yi a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, da babban asibiti. Ba dole ba ne a ce tana da ita, muna ganin ma'aurata ɗaya na da ita ɗaya babu. In tana da ita kuma tana shan magani yadda ya kamata, da wuya jariri ya ɗauka. Shi kuma in awonsa ya kai inda ba a ganin ƙwayar cutar ya kuma tsaya a haka, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, an tabbatar da wannan.

Mai_Haƙuri_00:
Hajiya haƙƙinta ne ta sani ban musa ba. Amma a bari ya fito daga bakinsa, ko su je tare gaban likita ya taya shi faɗa. In daga bakin dangi ta ji a tsakar gida, auren ne zai mutu kuma ita ma ba za ta je gwajin ba.

Hajiya_Sabongari:
In ya ƙi faɗa fa? a zuba masa ido har yaushe? Ni ban yarda a bar ran baiwar Allah a hannun kunyar namiji ba.

Malam_Garin_Malam:
Ɓoye mata cutarwa ce kuma shari'a ta hana cutarwa. Amma a fara da nasiha a keɓe, a samu babba ɗaya da yake jin nauyinsa ya zauna da shi.

Kabukabu_Zango:
ni dai kafin ku gama wannan, gwajin nan jini nawa ake ɗiba kuma sai yaushe rezulta ke fitowa? kuma in mutum ya yi wani ganganci satin da ya wuce zai nuna?

Labo_ZR:
Ɗigo ɗaya ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 ka ji sakamako. In ya nuna akwai, sai an sake tabbatarwa da wani gwajin daban kafin a ce maka komai. Na satin da ya wuce ba zai nuna ba tukuna, jiki bai gama ƙera antikor ba, ka yi yanzu ka sake bayan wata 3. Da a ce bai wuce awa 72 ba akwai maganin da ake sha kwana 28 don tarewa, wanda abin ya same shi jiya ko shekaranjiya ya tafi yau kada ya kwana.